Ƙarfen da Baba Yake Binnewa a Toka

Shagon Baba yana cikin wani lungu da ke ɓullewa kasuwar Ƙofar Wambai, gidanmu kuma yana Yakasai, kullum da ƙafa yake zuwa ya koma. Maƙeri ne ɗan maƙeri. Da injin walda ya shigo gari ya koya har ya ƙware, amma bai yarda an rushe murhun ƙirar kakanmu ba. Murhun yana nan a kusurwar shagon da garwashinsa, kusa da shi kuma akwai rabin duro cike da toka mai ɗumi. Mafi yawan aikinsa kura ce, irin wadda 'yan dako da 'yan ga-ruwa suke turawa, sai baro, sai gindin injin markaɗe. Ba ya sayen sabon ƙarfe. Tsofaffin sassan manyan motoci yake saya ya yanka, ya ce su ne suka san wahala.

Idan zai liƙa ƙarfe mai kauri, sai ya fara ɗora shi a garwashi ya ɗauki zafi, sannan ya yi waldar. Kafin jan wurin ya gama dusashewa ya ajiye gilashin fuskarsa, ya ɗauki wata 'yar guduma mai zagayayyen kai, ya bi layin waldar yana bugu a hankali, daga wannan baki zuwa wancan, ya dawo. Shi ɗinki yake kiran wannan layin. In ya gama sai ya kama ƙarfen da awartaki, ya tura shi cikin toka ya rufe. Ba mai taɓa shi sai washegari.

Wannan kwanan tokar ba ƙaramin rigima yake jawowa ba. Ɗan dako zai kawo kurarsa da safe, mariƙin taya ya karye, wato guntun ƙarfen nan mai kauri da ke riƙe sandar taya a ƙarƙashin kura. A gabansa za a liƙa, yana gani an gama, sai kuma ya ga an binne.

"Baba, don girman Allah a watsa masa ruwa mana. Yau fa kasuwa ta cika."

"Kurarka barci take yi," in ji Baba. "Ka zo gobe in ka karya kumallo."

Wasu su yi fushi su tafi suna ƙunƙuni, amma dai sukan dawo. In ka matsa masa da tambayar dalili, amsarsa ɗaya ce: ɗinkin yana jan jikinsa in yana hucewa, idan ba a sassauta masa ba zai zauna a ɗaure, wata rana kuma ya saki a inda ba a so. Bai taɓa ƙara komai a kan haka ba. Haka ya ga mahaifinsa yana yi wa garma da gatari, shi kuma ya ɗauko ya kawo wa walda.

Na taso da ƙarar wannan 'yar gudumar a kunnena. Akwai wani tsohon tela da shagonsa yake jikin namu, abokin Baba ne kuma abokin tsokanarsa, yakan ce da bugun Baba yake taka kekensa, ranar da Baba bai fito ba ɗinkinsa karkacewa yake yi. Har yau in na ji ƙamshin gawayi ya haɗu da ƙaurin walda, sai na ga lungun nan da hantsi: mai koko tana kwashe robobinta, kuraye uku ko huɗu a jingine ƙafafunsu sama, Baba a tsugune da hularsa da tartsatsi ya huhhuda. Ina kewar wannan wurin ƙwarai. Kuma ni ne na kashe ƙarar nan da bakina.

Mu biyu ne maza a gidan. Yayana tun yana ƙarami yake shagon, hannunsa ya faɗa sosai. Ni ne auta, ni kaɗai Baba ya bari na yi nisa a boko, har na karanta fiziks a jami'a. Na gama bautar ƙasa na dawo gida daidai shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Ba ni da aiki, sai yawo da jarida a hammata da bakin magana. Duk wata gardama da aka tayar a lungun, ta siyasa ko ta kusufin wata, ni ake kira na raba. Na kuwa ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Shekarar nan masu walda sun ga aiki. Kowane lungu an buɗe ofishin jam'iyya, kowane ofishi yana son allo na ƙarfe da ƙyauren ƙarfe. Waɗanda suka ci zaɓe suna son get a ƙofar gida, waɗanda suka faɗi ma suna so, don kada a ce sun karaya. Ga rumfunan taro, ga kujeru. Kuma kowa jiya yake son kayansa. Yaya ya karɓo aiki har ya rasa inda zai sa ƙafa. Sauran shaguna bokitin ruwa suke ajiyewa, ana liƙawa a tsoma, ya yi cuu, a miƙa wa mai shi. Mu kuwa Baba ya ce ba za a tsoma ƙarfe a ruwa a shagonsa ba. Duron toka kuma ba ya ɗaukar fiye da 'yan guntaye a rana, ga shi ya tare wurin da Yaya yake son kafa inji na biyu.

Sun yi makonni suna ja-in-ja, irin na ɗa da uba, ba ɗaga murya. Ran nan bayan azahar na biyo ta shagon na tarar abin ya kai maƙura. Tela yana bakin ƙofa da almakashi a hannu, ga 'yan dako biyu a zaune suna jira. Yaya yana ganina ya ce, "Yawwa, ga wanda ya yi karatun. Baba, mu tambaye shi. In ya ce toka da bugun nan suna da amfani, wallahi ba zan sake magana ba."

Baba ya dube ni. Ban manta kallon ba, babu shakka a cikinsa ko kaɗan, kallon mutumin da ya tabbata an kawo masa shaida ne. Ya ce, "To Malam, faɗa masa."

Gaskiyar magana ita ce ban sani ba. Ba a koya mana walda ba, ban taɓa buɗe littafi a kanta ba. Amma ga mutane sun zuba mini ido, ni kuma a lokacin gara a ce na faɗi a kwata da a ji na ce ban sani ba. Na gyara tsayuwa na ce, "Baba, ƙarfe in ya huce ya huce. Ko a ruwa ko a toka, zafin ne dai yake fita. Babu wani abu da yake ragewa a ciki. Bugun nan kuma al'ada ce kawai, irin ta mutanen da." Har da 'yan kalmomin Turanci na yayyafa, don miyar ta yi daɗi.

Tela ya ce, "Kai yaro, ka iya bakinka." Baba ya ɗaga masa hannu. Sannan ya ce, "To. Allah ya yi albarka." Ya juya ya ce wa Yaya ya yi yadda ya ga dama.

Kafin Juma'a an fitar da duron. Matan lungun suka kwashe tokar don wanke tukwane. Inji na biyu ya shigo, bokiti ya samu wurin zama. Baba bai daina zuwa shago ba, amma ya koma kan benci a bakin ƙofa, yana amsa gaisuwa, yana nuna wa masu kawo aiki Yaya. Bai taɓa yi mini gori ba, bai canza mini fuska ba. Ni kuma na ɗauka na yi wa gidanmu gyara. Get-get ɗin da Yaya ya yi ba wanda ya tsage, don sabon ƙarfe ne marar kauri, wannan kuwa ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Kuraye dai sun riƙa dawowa da karyayyen mariƙi fiye da da, amma muka ɗora laifin a kan ramukan titi da haɗamar 'yan dako wajen lodi.

Bayan 'yan shekaru na samu koyarwa, daga nan aka tura ni ƙaro karatu a wata ƙasa mai sanyi. Malamar da aka haɗa ni da ita, wata dattijuwa mai saurin magana, aikinta shi ne auna ƙarfen da aka yi wa walda. A makon farko ta zana mini abin a allo. Ta ce wurin da aka narkar yana son ya tsuke in yana hucewa, ƙarfen da ke kewaye da shi kuma mai sanyi ne, ba ya barinsa. Sai ya huce a ɗaure, yana ja, su kuma suna riƙe shi. Wannan jan ba ya tafiya ko an shekara nawa, ido kuma ba ya ganinsa. Ranar da nauyi ya hau kai, a nan tsaga take farawa. Ta ce masu sana'a suna rage shi ta hanyar ɗumama ƙarfen kafin a liƙa, da bubbuga layin tun da zafinsa, da barinsa ya huce sannu a hankali. Ta ƙara da cewa ƙarfe mai tauri irin na sassan mota, in aka tsoma shi a ruwa, gefen waldar bushewa yake yi ya zama mai saurin karyewa.

Ina zaune a kujera na zuba wa allon ido. Ta tambaye ni ko ban gane ba ne. Na ce na gane, tun ina ɗan shekara bakwai aka gaya mini.

Da na zo hutu na shiga tarin tsofaffin ƙarafan bayan shago na tono mariƙin taya guda, na zamanin toka. Aikin Baba ba ya ɓuya, ɗinkinsa a lotse yake da sawun guduma. Na kuma ɗauki sabo guda daga hannun Yaya. Ban gaya wa kowa dalili ba, kunya ba ta bar ni ba. Na naɗe su a tsohon zanen Umma na sa a akwati. A filin jirgi sai da na yi dogon bayani kafin aka yarda ba wani mugun abu ba ne.

Wurin da ake awon wani babban gini ne da aka kewaye injin nukiliya na bincike da shi. Daga cikin injin ake sako wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira niyutiron, a tattara su su bi ta wata siririyar kafa. Abin da ya sa ake son su shi ne suna ratsa ƙarfe su shiga can ciki ba tare da an yanka shi ba. Ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke sahu-sahu, kamar masallata. In niyutiron suka bugi sahun sai su karkace su fito ta wani gefe, na'ura tana jira ta ga ta ina suka fito. Inda ƙarfe yake a sake, tazarar sahun daidai take. Inda ake jansa, sahun yakan ɗan buɗe, kusurwar fitowar ma ta ɗan sauya. Da wannan ɗan sauyin ake lissafa ƙarfin jan da ya rage. Ana matsar da ƙarfen kaɗan-kaɗan, a auna nan, a matsa, a auna can, har a ƙetare waldar.

Layin masu jiran na'urar dogo ne, ana yin watanni kafin a samu. Malamar ta ga mariƙan nan biyu masu tsatsa ta yi dariya, ta tambayi daga wace masana'anta suke. Na ba ta labarin duka, har da abin da na faɗa a shago. Ta daina dariyar. Ta ce in mun gama aikin da ya kawo mu, ragowar ranar tawa ce.

Muka ɗaure na Yaya aka fara. Ina kallon allon kwamfuta ɗigo yana bin ɗigo, layin yana kwance, da aka iso bakin waldar sai ya miƙe sama kamar an taka wutsiyar maciji, alamar ƙarfen a ɗaure yake. Muka sauke muka ɗora na Baba. Layin ya taho, ya iso ɗinkin, ya ɗan ɗaga, ya kwanta. A saman ɗinkin ma, inda gudumar ta bi, ƙasa ya yi, alamar ƙarfen a matse yake maimakon a ja, irin yanayin da tsaga ba ta samun wurin farawa. Malamar ta ce guda biyu ba su isa a rubuta takarda a kansu ba, amma duk wanda ya yi wannan ya san hannunsa. Na fita waje na tsaya a cikin sanyi na yi kuka, ni da gemuna.

Lokacin wayar hannu ta riga ta shigo, Yaya yana da ita, da na so da na kira a ranar. Ban kira ba. A gaban mutane na ƙaryata Baba, na ga bai dace na gyara a cikin waya ba. Sai da na jira ƙarshen shekara.

Na dawo na tarar tela ya rasu, an mai da shagonsa wurin cajin waya. Baba ya daina fita, idanunsa sun yi rauni, hasken walda na shekara da shekaru ya karɓi rabonsa. Washegarin isowata bayan la'asar na roƙi Yaya ya zo zaure, na kira maƙwabta biyu cikin dattawan da suka san shagon. Na zauna a ƙasa gaban Baba, na zaro takardar da aka buga layukan nan biyu.

Ya karɓa ya kai ta kusa da fuska, ya juya ta, ya miƙo mini. "Ba na gani, Malam. Karanta mini."

Na yi bayani da Hausar da zan iya. Na ce akwai abin da yake ratsa ƙarfe ya gano ko a ɗaure yake ko a sake. Na ce na kai aikinsa da na Yaya an duba.

"Ba a yanka ba?"

"Ba a yanka ba, Baba."

"Ikon Allah. To me aka gani?"

"Na ruwa a ɗaure yake tamau. Naka a sake yake. Duk abin da kake faɗa haka yake, ɗumamawar da bugun da tokar, kowanne yana da aikinsa. Abin da na faɗa ran nan a shago ba daga karatu na ɗauko shi ba. Ban sani ba ne, na ji kunyar cewa ban sani ba. Ka yafe mini."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ai mu dama mun sani," ɗayan ya ce masa ya yi shiru, ran nan ba a ji bakinsa ba. Ni ina jiran ɗayan biyu: ko Baba ya yi dariya ya ce sai da na haye teku na gano abin da ke cikin duro, ko ya yi mini faɗan da ya daɗe yana bina. Kowanne ya zo zan karɓa da hannu biyu.

Bai yi ko ɗaya ba. Ya murza carbinsa ya ce, "Ni ban riƙe ka ba, balle na yafe. Ran nan ba haushinka na ji ba. Yarda na yi da kai."

Na ɗago na dube shi.

"Ni ban san dalilin abin ba, gani na yi ana yi. Da ka ce babu komai a ciki, na ce wanda na kai makaranta da hannuna ba zai faɗi abin da bai sani ba. Sai na zauna ina tunanin bayin Allahn nan masu kura. Mutum ya baro ƙauyensu, abin da zai ci a ranar yana cikin kurar nan, ni kuma na hana shi ita kwana guda a kan abin da ba shi da amfani. Ba mutum ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Na ce wannan hakki ne, kuma za a tambaye ni."

Yaya ya ce, "Baba, shi ya sa ka koma zama a bakin ƙofar shago?"

"To da me kake tsammani? Duk wanda ya wuce na gane shi sai na kira shi, na ce na zalunce shi a rashin sani, ya yafe mini. Waɗanda ba sa biyowa ta lungun na bi su har cikin kasuwa. Wasu su yi dariya, wasu su ce sun yafe. Akwai wanda ya ce dama ya san wulaƙanci ne kawai nake yi musu. Na ce ya yi haƙuri."

Takardar tana hannuna, na rasa inda zan ajiye ta.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. Muryarsa ba ta canza ba, tambaya ce kawai yake yi, irin wadda ya saba yi mini tun ina ganin na san komai.

"Yanzu wasu sun koma garuruwansu, wasu sun rasu. Kai da ka yi karatu, Malam, ta yaya za a sanar da su cewa ban cuce su ba?"